Kurkur a abincin doki: yana maganin ɗingishi da ciwon gaɓoɓi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina da ingarma akawal, shekararsa 15, a hannuna ya girma. Tun bayan hawan Babbar Sallah yake ɗingishi da ƙafar gaba ta dama, musamman da safe in an kwance shi daga turke. In ya ɗan taka sai ya ware, amma ba ya komawa daidai. Wani abokina mai wasan folo ya ce Turawa kurkur suke ba dawakinsu, a haɗa da masoro da man kwakwa, wai yana maganin ciwon gaɓoɓi har ma da tsutsar ciki. Gaskiya ne? Nawa zan ba shi? Yana da illa? Daga wani Alhaji a Zariya.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba akawal lafiya, ya sa ku ga hawan baɗi tare.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Masu dawaki da yawa a Ingila da Amurka da Ostareliya suna zuba kurkur a abincin dabbobinsu, kamfanoni kuma na sayar da shi a robobi da hoton doki a jiki. Lafiyayyen doki zai ci cokali ɗaya ko biyu a rana ba tare da wata matsala ba, kuma yana yiwuwa tsohon doki ya ɗan ji sauƙin jiki. Amma kurkur ƙari ne a kan abinci, bai kai matsayin magani ba. Abin da nake ji wa akawal tsoro shi ne a ɗauki wata biyu ana dama masa kurkur alhali abin da ke damunsa yana cikin kofato yana ci gaba. Saboda haka ka yi mini haƙuri, da ƙafar zan fara kafin mu zo kan garin.

Ka tuna abin da doki ke sha a kwanakin hawa. Dabbar da ta yi watanni a turke, ba kilisa sai jefi-jefi, ita ce za a ɗora wa sirdi da kayan ado masu nauyi, ga mahayi da manyan riguna, ta wuni a kan kwalta mai zafi, a yi sukuwa a ja linzami ta tsaya cak, gobe ma a koma, jibi ma haka. Kafin nan kuma an yi makonni ana ɗura mata gero da dawa don ta yi ƙiba ta yi sheƙi. Ɗingishin da ya biyo bayan wannan yana da iyaye da yawa. Tafin kofato na iya ƙujewa ko ya tara jini. Ƙusa ko tsakuwa na iya shiga ta yi ruwa a ciki. Jijiyoyin bayan ƙwauri na iya yagewa. Ga kuma kumburin naman cikin kofato da yawan hatsi ke kawowa, wanda shi ne mafi muni, domin in ya yi nisa ƙashin cikin kofaton kan juya ya nufo ƙasa. Sannan a doki mai shekara 15 akwai amosanin gaɓɓai, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye. Yadda ka ce yana tashi a sandare in ya taka ya ware, ya yi kama da wannan na ƙarshe. Sai dai amosani yakan zo a hankali cikin shekaru, naka kuwa ka san ranar da ya fara, kuma ƙafa ɗaya ce. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da za ka yi gobe da safe kafin a ba shi komai. Ka dafa kofatan gaba biyu da tafin hannunka, ka ji ko na dama ya fi zafi. Ka sa yatsa a bayan gaɓar da ke saman kofato, inda jijiyar jini ke wucewa. A lafiyayyar ƙafa da ƙyar za ka ji bugunta, in kuwa ka ji tana harbawa da ƙarfi, to matsalar tana cikin kofato. Ka ɗaga ƙafar, a ƙwaƙule datti, a duba ko akwai baƙin ɗigo, ko wari, ko inda yake zabura in an danna. Ka shafa bayan ƙwaurin daga gwiwa zuwa ƙasa ka kwatanta da na hagu. Daga nan yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya nufo ka, igiya a sake. Doki yakan ɗaga kai sama lokacin da ƙafar gaba mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sauke in lafiyayyar ta taka. In ka ga zafi, ko bugun jijiya, ko kumburi, ko yana tsayawa ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa a baya, ka ajiye maganar kurkur, ka janye hatsi, ka kira likita a ranar. Kai da ke Zariya ma ka yi sa'a, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kamar yadda ake da shi a jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, inda za a duba ƙafar da kyau.

An taɓa kira na wani gida kan wani bidi da ya yi mako uku yana ɗingishi. An ba shi sassaƙe, an ba shi jiƙo, an shafa masa man zafi tun daga kafaɗa, don kowa ya yarda ciwon a kafaɗa yake. Da na fere tafin kofaton sai ga baƙin ruwa mai wari ya tsarto. Kwana uku da buɗe wurin da wanke shi, dokin ya taka daidai. Mai shi mutum ne mai ƙaunar dabbarsa, bai yi sakaci ba, kawai dai duk ƙoƙarinsa ya tafi inda ciwon ba ya nan. Yawancin ɗingishin ƙafar gaba daga gwiwa zuwa ƙasa yake fitowa, kuma kofato ne ke da kaso mafi tsoka.

To, mu ce an duba, likita ya tabbatar amosani ne na tsufa. A nan ne kurkur ke da wurin zama, sai mu san ko mene ne shi.

Kurkur, wanda wasu ke kira gangamau, saiwa ce 'yar'uwar citta. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, mu ma ana noma shi a Najeriya. Abin da ke ba shi launin rawaya, kuma abin da ake yi dominsa, wani sinadari ne mai suna kurkumin. A ɗakin bincike, in aka zuba kurkumin a kan ƙwayoyin guringuntsi, har da na doki, yana rage sinadaran da ke haddasa kumburi. Wannan gaskiya ne, kuma daga nan duk tallan ya samo asali. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin kwalbar gwaji da gaɓar dokinka akwai tafiya mai nisa.

Da farko, kurkumin ɗan kaɗan ne a cikin garin, kashi 2 zuwa 5 cikin 100, a ce 3. Babban cokali in an cika shi bai wuce giram 8 zuwa 10 ba. Ke nan cokali guda na ɗauke da kamar miligiram 300 na kurkumin, za a ba dabba mai nauyin kilo 350. Na biyu, kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta na sauya shi ta fitar cikin gaggawa. Mafi yawansa ta kashi yake fita kamar yadda ya shiga.

Wannan ne dalilin masoro. A 1998 wasu masu bincike a Bangalor ta Indiya suka ba mutane giram 2 na kurkumin shi kaɗai, da ƙyar aka ga alamarsa a jininsu. Da aka haɗa da miligiram 20 na fiferin, sinadarin da ke sa masoro yaji, sai abin da ya shiga jini ya ninka sau 20. A ɓeraye ƙarin bai kai ko kusa da haka ba. Wannan adadi na ninki 20 shi ake ta yawo da shi a intanet, amma a mutum aka auna, ba a doki ba, kuma ninkin abin da kusan babu shi, har yanzu kaɗan ne. Haɗin kurkur da mai da masoro da abokinka ya faɗa kuwa, wani likitan dabbobi ne a Ostareliya, Doug English, ya yayata shi, ya bazu ta Facebook har ya zagaye duniya. Hikimar haɗin tana da tushe: mai na narkar da kurkumin, masoro na hana hanta saurin fitar da shi.

A kan dawaki kansu, binciken da aka yi kaɗan ne, kuma a kan dabbobi 'yan ƙalilan. Ɗaya da ya dace da tambayarka an buga shi a 2017 daga Jami'ar Kudancin Ilinoyi ta Amurka. Dawakin hawa 12 aka yi aiki da su, aka riƙa ba rabinsu giram 15 na tataccen kurkumin, mai tsarkin kashi 95 cikin 100, kullum har kwana 30. An ga wani ma'aunin kumburi a jini ya ɗan sauka a tsakiyar gwajin. Ƙwan tsutsa a kashinsu kuwa bai ragu ba. Yanzu ka yi lissafi da ni: kafin ka samu kurkumin giram 14 daga garin kasuwa mai kashi 3 cikin 100, sai ka ba doki kusan rabin kilo a rana. Babu dokin da zai ci wannan, kuma bai kamata a gwada ba. Don haka cokali biyun da ake bayarwa a barga bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na abin da aka gwada ba.

Ga amsar maganar tsutsa nan ta fito. In tataccen kurkumin mai yawa haka bai taɓa tsutsa ba, garin miya ba zai taɓa ta ba. A kai kashinsa a duba, a ba shi maganin tsutsa na gaskiya gwargwadon nauyinsa. Wannan ba wurin gwaji ba ne, domin tsutsa na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa dawakinmu rama da ciwon ciki.

Wani gwajin kuma a Jami'ar Jihar Luwiziyana aka yi shi, don ana fargabar ko kurkur zai tayar da gyambon ciki. An ba dawaki wani haɗi mai ɗauke da kurkur kwana 28 ana leƙa cikinsu da na'ura, ba a ga ya ƙara musu gyambon ba. Wannan labari ne mai daɗi ta fuskar rashin illa.

To me ya sa mutane da yawa ke rantsuwa cewa ya yi wa dokinsu aiki? Ba na ƙaryata su. Amma amosani ciwo ne mai tashi da kwanciya, yana tsananta da hunturu, ya lafa in gari ya yi ɗumi. Mutum yakan fara ba da kurkur ne a lokacin da ciwon ya fi tsanani, wato daidai lokacin da ko ba a yi komai ba sauƙi ke tafe. Kuma wanda ya fara damuwa har yana dama wa doki kurkur, galibi ya hutar da shi daga hawa, ya gyara masa makwanci, yana leƙa shi safe da yamma. Duk waɗannan suna kawo sauƙi. Ido kuma yana ganin abin da zuciya ke so. Shi ya sa zan nuna maka yadda za ka gwada ta hanyar da kai da kanka za ka san gaskiya.

Kafin nan, akwai dawakin da ban yarda a ba su ba.

Na farko shi ne mai ƙarancin jini. Kurkumin na kama sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, ya hana jiki amfana da shi. A ƙasarmu kaska na sa wa dawaki cutar da ke farfasa ƙwayoyin jini, ga sammore a wuraren da yake, ga tsutsa. Ka ɗaga leɓen akawal ka dubi dasashinsa. Lafiyayye ruwan hoda ne mai danshi. In ya yi fari fat ko ya yi rawaya, jininsa za a auna, kurkur ya jira. Na biyu, dokin da za a yi wa fiɗiya ko wata tiyata, domin kurkumin na rage saurin daskarewar jini. A dakatar mako biyu kafin ranar. Na uku, goɗiya mai ciki ko mai shayarwa, a bar ta da abincinta. Na huɗu, wanda hantarsa ke da matsala. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun janye wasu ƙwayoyin kurkur daga kasuwa bayan mutane da dama sun kamu da kumburin hanta, kuma da yawan ƙwayoyin irin waɗanda aka ƙara wa fiferin ne. A mutane aka gani, kuma tataccen ne, amma ya isa ya nuna mana cewa kasancewar abu daga ƙasa ya tsiro ba ya wanke shi daga illa.

Na biyar ya fi shafar ka: dokin da ke kan magani. Fiferin bai san kurkumin kaɗai ba. Yadda yake hana hanta fitar da kurkumin, haka zai iya riƙe wasu magunguna su daɗe a jiki fiye da ƙima. Na san a barga da yawa, doki na fara ɗingishi ake sayo maganin kashe ciwo mai suna fenilbutazon ko a yi masa allurar rage kumburi ta deksa ba tare da likita ba. Fenilbutazon magani ne mai kyau a hannun wanda ya san awonsa, amma in ya yi yawa ko ya daɗe yana cin ciki da hanji da ƙoda. Deksa kuwa na iya tayar da kumburin cikin kofaton nan da muke gudu. In akawal na shan ɗayansu, kada ka ɗora masa kurkur da masoro sai wanda ya rubuta maganin ya sani. Kada kuma ka cire maganin da likita ya ba shi ka maye gurbinsa da kurkur, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, dabbar ce za ta kwana da ciwo ba ta da bakin faɗa.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, bismillah. Ka fara sanin nauyinsa. Ka samu tef ɗin tela, ka auna zagayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke bi, sannan tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk a santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali zagaye 165, tsawo 150, zai ba ka kilo 344. Yawancin dawakinmu na gida tsakanin 300 da 400 suke, ba su kai na ƙasashen waje da ake rubuta awo a jikin robobin kurkur dominsu ba, waɗanda ake ƙiyasta su a kilo 500. Wannan awo zai yi maka amfani har a maganin tsutsa.

Babu wani awon kurkur na doki da masana suka tsayar. Abin da aka saba bayarwa, kuma ake ganin dawaki na ɗauka lafiya, shi ne giram 10 zuwa 20 a rana. Ga doki irin naka, ka fara da ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rana har kwana uku ko huɗu. In yana cinye abincinsa, kashinsa bai yi ruwa ba, ka ƙara a hankali har cikin mako biyu ka kai babban cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma in ka ga dama. Kada ka wuce nan. Ka kwaɓa garin da babban cokali ɗaya na mai. Ba dole sai man kwakwa ba, man gyaɗa mai kyau ko na waken suya ya wadatar. Doki ba shi da maɗaciya, ruwanta daga hanta yake ɗiga cikin hanji kai tsaye, don haka yana narkar da mai lafiya lau muddin da kaɗan-kaɗan aka saba masa. Masoro kuwa ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, a daka shi a lokacin. Masoronmu na gida ba iri ɗaya ba ne da baƙin da ake kawowa daga Indiya, amma 'yan gida ɗaya ne, shi ma yana da fiferin. Sai a cuɗa a cikin dusar da aka yayyafa wa ruwa. Kada a ba shi busasshen gari, yana hura hanci zai shaƙe shi ya yi ta tari. Kuma a fara ba shi ciyawa ko harawa kafin nan. Cikin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, yana zubo ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu, bai kamata yaji ya tarar da shi wayam ba.

Wani abu da ba za ka gani a rubutun Turawa ba, don su ba su da al'adar: kanwa. Kurkumin ba ya jure kanwa. Ka ɗiga ruwanta a kan kurkur ka gani, nan take zai koma ja, kuma a irin wannan ruwa sinadarin na lalacewa da sauri. Mu kuwa mun saba jiƙa wa doki kanwa. In ranar kanwa ce, a raba su, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma kada a kwaɓa kurkur a daron da aka jiƙa ta. Hasken rana ma na kashe shi, a ajiye garin a gwangwani mai murfi a inuwa.

Sayen garin ma sai an kula. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford suka bayyana yadda wasu masu sarrafa kurkur a Bangaladash ke shafa wa saiwar wani rini mai ɗauke da dalma don ta yi rawaya shar ta ja hankalin mai saye. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Doki na cikin dabbobin da dalma ke yi wa mugun lahani, tana shanye jijiyoyin maƙogwaro, numfashi ya riƙa ƙara, haɗiya ta gagara. Mutum ɗan kaɗan yake barbaɗawa a shinkafa, doki kuwa cokali biyu kullum har watanni, ka ga in akwai guba shi zai fi tara ta. Wasu kuma na ƙara garin rogo da kala. Mafita ita ce ka sayi saiwar da kanta, ɗanya in ka samu, a wanke, a yayyanka, a shanya a inuwa mai iska har ta bushe ƙayau, a daka a gida. Duk wadda ta yi fumfuna a zubar. Hantar doki ba ta wasa da gubar fumfuna, ko a kurkur, ko a masara, ko a harawar gyaɗar da ruwa ya daka.

Ga abokinka ɗan folo kuma, da duk mai shiga gasar da ake gwada jinin dawaki: ya tabbata babu barkono a cikin haɗin, domin injin niƙan da ya niƙa yaji zai bar saura. Sinadarin zafin barkono haramtacce ne a dokokin hukumar wasannin dawaki ta duniya. A gasar Olamfik ta 2008, wadda aka yi ɓangaren dawakinta a Hong Kong, an dakatar da mahaya a kansa, har ƙasar Norwe ta rasa lambar tagulla. Robobin da ake shigowa da su ma sukan haɗa kurkur da wasu saiwoyin da dokar gasa ta hana, sai a karanta abin da ke jiki.

Yanzu gwajin. Kafin cokalin farko, ka ɗauki bidiyon akawal da wayarka da sassafe, daga kwance shi, yana tafiya sannan yana sassarfa, a wuri ɗaya, yaro ɗaya na jan sa. Ka auna nauyinsa ka rubuta. Kada ka sauya komai a abincinsa ko aikinsa a tsawon gwajin. Duk mako ka sake ɗauka a wannan wuri da wannan lokaci. Bayan mako shida ka nuna wa wani masanin doki bidiyon farko da na ƙarshe ba tare da ka gaya masa wanne ne wanne ba. In ya nuna na ƙarshe ya ce nan ya fi, ka dakatar da kurkur mako biyu ka ga ko ɗingishin zai dawo. In ya dawo, ka samu abin da ke taimakon dokinka, ka ci gaba, kana hutar da shi lokaci-lokaci kana duba dasashi. In bai ga bambanci ba, kuɗin ya tafi ga harawa. A tsakiyar gwajin kuma, in ya ƙi abinci, ko zawo ya kama shi, ko ka ga yana tona ƙasa yana waiwayen cikinsa yana son birgima, a tsayar nan take a nemi likita.

Ina so in ja hankalinka kan abubuwan da na tabbata sun fi kurkur tasiri a kan tsohuwar gaɓa, don su ne nake ganin ana bari. Ɗaurin turke dare da rana shi ne babban abokin gaban mai amosani. Gaɓa da motsi take samun ruwan da ke sa ta santsi, shi ya sa ka ga yana warewa in ya taka. A ja shi tafiyar minti 20 zuwa 30 safe da yamma a kan ƙasa mai laushi, in da fili a sake shi ya yi yawonsa. A zuba masa yashi mai kauri a makwanci. A gyara kofato duk mako shida zuwa takwas, domin kofaton da ya yi tsawo yana karkatar da nauyi zuwa gaɓoɓi a kowane taku. Ƙiba kuma, duk da tana ƙawata doki ranar hawa, kaya ce da ƙafafunsa ke ɗauke da ita kullum. Ya kamata in ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin hannunka ko da ido bai gan su ba.

Abincinsa ya zama ciyawa da harawa ne ginshiƙi, kamar kilo 6 zuwa 7 a rana ga mai kilo 350, hatsi ya zama ƙari gwargwadon aiki, ruwa kuma kada ya yanke, don a bazara yana iya shan fiye da lita 40. Ka kula da dusa musamman. Tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da aka riƙe da dusa da hatsi ba wadatacciyar harawa, jikinsa kan zare kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. Na ga irinsu an yi ta yi musu maganin sanyin ƙashi. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam mai kyau, su ne ke daidaita dusar. Shi kansa kurkur yana da wani sinadari mai kama kalsiyam, wanda a cokali biyu ba abin damuwa ba ne, amma ƙarin dalili ne na kada a cika hannu.

Tun da an fara maganar, wasu na barbaɗa kurkur a gyambon sirdi ko a kan ƙulli a fata. Sabon rauni a wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta, a kare shi daga ƙuda, a gyara sirdin da ya jawo shi, a tabbata an yi wa dokin rigakafin cutar sarƙe-haƙora, domin doki na cikin dabbobin da ta fi saurin kashewa. Ƙulle-ƙullen da ke jeruwa kamar carbi a ƙafa ko wuya suna fashewa suna ruwa kuwa cuta ce mai yaɗuwa tsakanin dawaki, a ware mai ita, a raba masa kayan shafa da sirdi, a kira likita.

Shekara 15 ba ƙarshen doki ba ne, Alhaji, da kulawa suna haura 25. Amma wataƙila lokaci ya yi da za a rage wa akawal kwanakin hawa, ya fita rana ɗaya maimakon uku, a fara masa kilisa wata biyu kafin Sallah, a bar sukuwar kan kwalta ga matasan dawaki. Gobe da safe ka dafa kofaton nan, ka ji jijiyar, ka dubi dasashi, ka ɗauki bidiyon. In ka rubuto mini abin da ka gani, da abin da yake ci a rana da ko yana kan wani magani, sai mu san ko a fara kurkur ɗin ko a fara da wuƙar fere kofato. Allah ya ƙara masa lafiya.